Murya a Bututun Murhu

Da farko Alvin Zeleny ya ɗauka tsuntsu ne ya faɗa cikin bututun hayaƙi. Wajen ƙarfe biyu na dare ya tashi shan ruwa, bai kunna fitila ba, don tafin ƙafarsa ya san ko'ina a gidan. Sai ya ji wani ɗan ƙara daga murhun ƙarfen da ke kusurwar kicin, murhun da rabonsa da wuta tun watan Afrilu. Kamar ana murza takarda. Kamar ƙuda a cikin gwangwani. Ya ajiye kofin ruwan, ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe ƙofar murhun, ya kara kunnensa na dama, wanda ya fi ji.

Ba tsuntsu ba ne. Mace ce, can ƙasa-ƙasa, da murya siririya kamar zare, tana cewa saura minti goma a ci gaba da fim, a zo a sayi gugguru tun yana da zafi.

Muryar Vlasta ce, matarsa, wadda aka binne a bayan coci shekara shida da suka wuce.

Ya zauna a ƙasa har ta gama. Ta yi shiru, ta sake farawa daga farko. Sau huɗu ta yi haka. Da gari ya waye ya ɗauki waya ya buga wa 'yarsa Rhonda a birnin Omaha, ya gaya mata komai, yana dariya kamar yaron da ya tsinci kuɗi. Ita ba ta yi dariya ba. Da ma tun hunturun bara take ƙirga masa: ranar da ya bar tukunya a wuta ya tafi aski, da ranar da ya nemi motarsa ya rasa a bakin kasuwa alhali da ƙafa ya zo. Ta ce za ta zo ranar Laraba.

Gidan Alvin, kamar nawa da sauran na unguwarmu, a kan tsohon filin silima yake. A zamanin da filin layi goma sha huɗu ne. Mutum ya shigo da motarsa, ya tsaya kusa da turken ƙarfe, ya ciro lasifikar da ke jikinsa ya rataya a gilashi, ya kalli allon da ya kusa kai rumbun hatsin garin tsawo. Da mutane suka koma kallo a cikin gidajensu, mai filin ya yanke layi shida na baya ya sayar, aka gina gidaje. Turakun kuwa babu wanda ya tsaya cire su, don an dasa su cikin siminti mai zurfin ƙugu. Kowa sai ya sama wa nasa aiki. Nawa akwatin wasiƙu ne a kansa. Wasu igiyar shanya suka ɗaura. Wata mata ta ɗaure kare a nata har karen ya tsufa ya mutu, ta samo wani ta ɗaure a nan. Har yau in ka tambayi ɗan unguwarmu inda yake zaune ba ya faɗin sunan titi, sai ya ce maka layi na sha ɗaya, ko na sha uku. Alvin yana na sha biyu.

Layi takwas da suka rage suna hannun Lavonne Petrik, 'yar mai filin, mace mai gajeren gashi da gajeren haƙuri. Juma'a da Asabar take nuna fim, sautin kuma ta zangon FM yake shiga rediyon motoci. A bana ne ƙungiyar masu tsofaffin motoci suka roƙe ta dare guda, Asabar ta farko a watan Satumba, mota sittin daga gundumomi biyar, wasu sun girmi masu tuƙa su. Rediyon irin waɗannan motoci bai san FM ba, sai matsakaicin zango. Lavonne ta ce za ta ba kowa ƙaramar rediyo ya riƙe. Suka ce ko kusa. Su daga bakin motarsu suke so su ji, yadda suka ji suna samari.

Shi ya sa ta kira Delmar Hruska.

Delmar ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo da talabijin a garinmu, har abubuwan suka daina gyaruwa. Dogo ne, mai rama, ya ba saba'in baya, ba ya magana sai ya fara share maƙogwaro. Ta kai shi ɗakin ajiya, ta ture buhunan masarar gugguru, ta nuna masa wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka da ɓeraye suka yi wa ado.

“Ka gane ta?”

Ya share maƙogwaro. Ya goge ƙurar da hannun rigarsa. “Ni na kafa ta. Shekarar saba'in da bakwai. Kina wannan tsawon, kina satar alewa a bayan babanki.”

“Ban tambaye ka tarihina ba, Del. Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?”

“Ba ta mutu ba. Ajiye ta aka yi.”

“Haka kake cewa game da gwiwarka.”

Na'urar watsa sauti ce mai ƙaramin ƙarfi, da gangan aka yi ta haka, don doka ba ta yarda muryarta ta tsallake shingen fili ba. Ba ta da doguwar eriya. Wayoyin nan da aka binne a ƙarƙashin layuka, waɗanda da suke kai sauti ga lasifikun turaku, su ake haɗa ta da su, sai sautin ya riƙa tsattsafowa daga ƙasa kamar ruwa a jikin randa, rediyon motar da ke tsaye a kai ya kama. Delmar ya kwana biyar a kanta. Ya wanke ta da buroshin haƙori, ya canza abin da ya ruɓe, ya samo kwalaben wutarta, irin na cikin tsofaffin rediyo, a cikin wani tsohon akwati a gidansa, a naɗe cikin jarida. Ranar da ya mayar da ita kan katakonta a ɗakin majigi, ramukan kusoshinta na da suna nan, suka shiga daidai.

A bango akwai akwatin da wayoyin fili suke taruwa, tagwaye goma sha huɗu, kowanne da lambar da shi da kansa ya rubuta da fenti. Ya ɗauki sukuddireba ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya yana fito. Hannunsa ya tuna goma sha huɗu. Bai tsaya tambayar kansa ina shida na ƙarshe suke zuwa yanzu ba.

Gwaji sai da dare, wannan ba shi ya ƙirƙiro ba. Da rana matsakaicin zango shiru yake kamar coci ranar Talata, amma rana na faɗuwa tashoshin nesa suke kwararowa, mai wa'azi daga kudu, mai sharhin ƙwallo daga gabas, duk su danne mai rauni. Sai ya riƙa zuwa bayan gari ya yi barci, ya kunna na'urar, ya shiga a-kori-kurarsa yana bin layuka a hankali da rediyo a buɗe, yana neman inda sautin ke yankewa. Gwaji kuma yana son muryar mutum, wadda za ta yi ta maimaituwa. Fayafayan waƙa sun cika ɗakin majigi. Delmar bai taɓa su ba. Daga gida ya zo da wani kaset.

Shi ya ɗauki wannan kaset da hannunsa a shekarar da aka kafa na'urar. A lokacin Vlasta ce ke tagar sayar da gugguru, mai filin ya ce muryarta ce ta fi dacewa da sanarwar hutun tsakiyar fim. Delmar ya riƙe mata makirfo. Sau uku dariya ta ɓata mata, a na huɗu ta kai ƙarshe. Da aka koma FM aka daina sa shi, kowa ya ɗauka ya bi shara. Ban san abin da ke tsakanin Delmar da kaset ɗin nan ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Na dai san bai yi aure ba, kuma dare uku a jere, bayan ya gama duk wani gwajin da za a iya yi, yakan tsayar da mota a layi na takwas, ya kashe inji, ya bar muryar tana ta faɗin saura minti goma.

Ranar Laraba da safe muna shagon gahawa, teburinmu na kullum kusa da taga, sai ga Alvin ya shigo da sabon aski da rigar zuwa coci.

“Wa ya mutu?” in ji Norbert Sykora, tsohon direban motar makaranta, wanda bakinsa ba ya hutawa.

“Kai ake jira. Rhonda ce za ta zo.” Alvin ya ja kujera. “Za ta ji uwarta yau da dare.”

Mai shagon ta tsaya da butar gahawa a hannu.

“A cikin murhu take,” in ji Alvin. “Dare uku ke nan.”

“A murhu? Vlasta?” Norbert ya girgiza kai. “Haba, tsoho. In da wanda za a samu a cikin wuta a gidan nan, ai kai ne.”

Aka ɗan yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi wani abu dabam.

“Me take cewa?” mai shagon ta tambaya a hankali.

“Gugguru take talla. Wai saura minti goma.”

“Ka ji mata!” in ji Norbert. “Shekara shida a lahira, ba ta tambayi lafiyarka ba, sai ciniki.”

Delmar yana ƙarshen teburin. Ya share maƙogwaro, duk muka juya, don mun san alamar. Sai kawai ya miƙe. Ya ajiye kuɗin gahawarsa ya fita, ya bar hularsa a kan kujera.

A daren bai je filin ba. Washegari ma bai je ba. A ganinsa, kamar yadda ya gaya mini daga baya, in muryar ta daina, maganar za ta mutu da kanta, babu wanda zai tambayi wanda ke sa muryar matar wani da ƙarfe biyu na dare, ko inda ta kwana shekaru arba'in da wani abu.

Abin da bai lissafa ba shi ne Alvin zai ajiye wa 'yarsa kujera a gaban murhu. Daren Laraba suka zauna tun sha biyu har huɗu, ƙofar murhun a buɗe, shi yana ta cewa ta ɗan ƙara haƙuri, yanzu za ta fara. Ba abin da suka ji sai gyare a waje. Daren Alhamis ma haka. Daga tagata ina hango fitilar kicin ɗinsu, da inuwar mutum biyu, ɗaya a sunkuye. Ranar Juma'a ta kai shi wurin likita a babban garin gunduma. Likitan ya tambaye shi ranar mako, ya faɗa. Ya tambaye shi ko yana jin muryoyi, ya ce murya ɗaya ce, kuma ba ta zo ba kwana biyu. Kafin yamma Rhonda ta samo masa gado a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Ranar Litinin za su tafi.

Ranar Asabar Delmar ya zo da kolaci, wato ƙananan burodi masu zaƙi, guda shida a kwali. Ya tarar da falon cike da kwalaye, Rhonda tana naɗe faranti cikin jarida, idanunta sun kumbura.

“Sannu da zuwa, Mista Hruska. Yana kicin. Ba ya barin wurin.”

Alvin na zaune a kujerarsa, rigar jiya ce a jikinsa. A kwana uku ya zama ƙaramin mutum.

“Ka zo kallon mahaukaci? Kyauta ne yau. Daga Litinin sai ka sha mai.”

“Kolaci na kawo maka.”

“Na shago ne, na gani. Ajiye.” Ya dubi murhun. “An ce ɗakin da za a kai ni yana da taga. Tana kallon wurin ajiye motoci.” Sannan ya sassauta murya don kada 'yarsa ta ji. “Del, kai ka san waya, ka san ƙarfe. Don Allah gaya mini tsakaninmu. Murhu yana iya magana?”

Delmar ya share maƙogwaro. Ya dubi ƙasa.

“Ban taɓa ji ba,” ya ce.

Alvin ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin da da ma ya zata. “To. Shi ke nan. Na fara tunanin haka nima.”

Delmar ya fita ta ƙofar baya, don ba zai iya sake bi ta gaban Rhonda ba. A nan bayan gida ya gani. Iskar garinmu ba ta barin bututun hayaƙi ya tsaya shi kaɗai, kowa sai ya ɗaure nasa. Alvin ya ɗaure nasa da wayar shinge, ya jawo ta daga rufi ya naɗe a jikin turken layi na sha biyu, inda tsohuwar wayar lasifika ta leƙo daga wuyan turken, koriya, ba riga. Shekara talatin suna rungume da juna. Bututun kuma duk gaɓoɓinsa tsatsa ce.

Ni dai tun ina yaro na san tsatsa tana da baki. Wani kawuna yana da shingen gona da ke rera waƙa in an yi yayyafi. An ce akwai wata tsohuwa kusa da babbar tashar rediyo da gadon ƙarfenta ke karanta mata farashin shanu kowace asuba, har ta saba, ranar da aka sake mata gado ta kasa tashi da wuri. Inda ƙarafa biyu suka haɗu da tsatsa a tsakani, in murya ta biyo waya ta iso, wani lokaci takan sami ƙofar fita. Delmar ya fi ni sanin wannan sau ɗari. Ya tsaya a gaban turken har inuwa ta juya.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya ce yana son tsanina, yana kuma son in zo in tsaya kusa da shi, ba sai na ce komai ba. Muka fara zuwa wurin Lavonne. Ta saurare shi har ƙarshe, hannu a ƙugu.

“Goma sha huɗu ka haɗa? Del, layi nawa kake gani a filin nan?”

“Takwas.”

“To sauran shidan fa, aljanu za su yi kallo a can? Kana so hukuma ta rufe ni saura kwana shida?” Ta karɓi kaset ɗin, ta juya shi, ta karanta rubutun da ke jiki. Ta ɗago ta dube shi. “Je ka,” ta ce. “In ka shirya ka bugo mini.”

Rhonda ta tare mu a bakin ƙofa. Delmar ya yi bayani, ya fara daga tsakiya, ya koma farko, ya ambaci wayoyi da tsatsa da shekarar saba'in da bakwai. Ta bar shi ya gama.

“Mista Hruska, na san abokinka ne. Ni ma ba da son raina ba ne. Amma dare biyu na zauna a gaban abin nan.”

“Na sani. Ni ne ban kunna ba.”

“Me ya sa?”

Shi dai ya ce ta ba shi minti biyar.

Muka tsaya mu huɗu a kicin, rana tsaka, haske ya cika ɗakin. Alvin bai ko ɗago ba. Delmar ya buɗe ƙofar murhun, ya buga wa Lavonne, ya ce ta kunna. Ya ce mana sai kwalaben sun yi zafi tukuna. Agogon bango yana tafiya. Minti ɗaya. Wata mota ta wuce. Minti biyu. Rhonda ta naɗe hannu a ƙirji. Gumi ya sauko wa Delmar ta bayan kunne, na ga leɓensa yana motsi, ko ƙirga yake yi ko addu'a.

Sai aka ji kamar ana murza takarda.

Rhonda ce ta fara durƙusawa. Ta sa kanta kusan cikin murhun, toka ta taɓa mata gashi. Muryar ta fito, ƙarama, mai ɗan rawa, da sauran dariya maƙale a ƙarshen kowace kalma: saura minti goma, jama'a, gugguru yana da zafi, kada a bar yara su hau kan allo.

“Mama,” in ji Rhonda. Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Alvin ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa komai ba, abin da rabona da ganin ya yi an fi shekara.

“To! Wa ye mahaukacin? Kira min likitan nan, a sa masa kai a murhu! A kira Norbert ma, da bakinsa kamar ƙofar gareji!” Yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. Ya bugi tebur. Sai kuma ya tsaya, ya juya ga Delmar. “Jiya na tambaye ka.”

“Ka tambaye ni.”

“Ka ce ba ka taɓa ji ba.”

“Haka na ce.”

“Ina ka samo ta?”

“A gidana take.”

“Tun yaushe?”

Delmar ya share maƙogwaro, ya kawar da kai. A cikin murhu Vlasta ta kai ƙarshe, ta sake farawa. Alvin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya koma ya zauna.

“Da ma na san ba gugguru ke kai ka tagar nan ba,” ya ce. “Mutumin da ko haƙoran kirki ba shi da su.”

Rhonda ta tashi, ta wanke fuska a famfo. Ta tsaya tana kallon kwalayen da ke falo. Ta ce gobe da safe za ta buga wa mutanen can ta ce a ba wani gadon. Ta ce za a bari a ga bayan hunturu, amma da sharaɗi: makwabta za su riƙa leƙo shi, kuma yau ɗin nan za a raba murhun da wannan waya.

“A bar ta mana,” in ji Alvin. “Wa ta dama?”

“Baba.”

“Ko sau ɗaya a mako.”

“Ba zai yiwu ba, Alvin,” in ji Delmar. “Dole in cire layukan nan shida. In na bari, ranar Asabar harbe-harben fim za ka kwana ji a kicin.”

“Ai na saba. Shekara hamsin da ɗaya na yi da aure.”

Babu wanda ya biye masa. Delmar ya buga wa Lavonne ya ce ta kashe, ta zare filogin daga bango gaba ɗaya. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Muka fita bayan gida, na riƙe masa tsani, ya hau da filaya a aljihu, gwiwarsa tana ƙara a kowane mataki. Ya datse wayar daga wuyan bututun, ya ɗaure shi da igiyar roba zuwa ginshiƙin baranda. Ya sauko ya warware ɗaya bakin daga jikin turken, ya naɗe wayar a hannu kamar mai naɗe igiyar guga. Daga nan ya tafi filin, ya kwance tagwaye shida na ƙarshe, ya dawo da kaset ɗin a aljihun riga. Ya ajiye shi a kan tebur gaban Rhonda.

La'asar ta yi sanyi. Rhonda ta dafa gahawa, ta ɗumama kolacin jiya, ta buɗe kwalin farko ta fara mayar da faranti cikin kabad, tana warware jarida ɗaya bayan ɗaya. Ta ma fara tsokanar ubanta kan kofuna goma sha tara da mutum ɗaya ya tara. Delmar na zaune a bakin kujera, naɗin wayar a kan gwiwarsa, tsatsa ta ɓata masa wando. Kaset ɗin na nan kan tebur kusa da sukari.

Alvin ne ya ɗaga hannu, alamar a yi shiru. Ya karkata kai wajen murhun, kunnen dama a gaba. Fuskarsa ta saki, ta yi haske, kamar ta mutumin da ya hango nasa a tashar mota. Rhonda ta tsaya da faranti a hannu, rabinsa cikin jarida. Na kasa kunne iyakar iyawata. Agogon bango ne kawai.

“Del,” in ji Alvin a hankali, bai juyo ba, “ka ce wa Lavonne ta sake kunnawa ne?”